Surukina Mai Wasan Tafiya

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma. Surukina, mahaifin maigidana, ya riga mu tafiya bayan an gama yankan shinkafa a fadama. Ban taɓa faɗin sunansa yana raye ba, ba kuma zan fara yanzu da yake kwance ba. Baba nake ce masa, Baba zan ci gaba da cewa.

Zaman makoki ya cika gidanmu na Birnin Kebbi har tabarmi suka ƙare, aka aro na masallaci. Daga cikin gida muna jin maza a ƙofar zaure. Wannan ya ce bai taɓa ganin Baba ya rasa sahun farko ba. Wancan ya ce lokacin da yake malamin gona, shi ya zauna da mutanen Ambursa har suka yarda da renon iri kafin dashe. Duk gaskiya ne. Amma na kasa kunne tun safe har la'asar, ban ji mutum ɗaya ya ambaci abin da Baba ya fi so bayan ibadarsa ba, alhali da yawa daga cikin masu maganar sun sha zama a tabarmarsa saboda abin nan.

A wajen mata ne wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta yi suɓul da baka. Ta ce, "Allah sarki, mai wasan ƙwallaye ya tahi." Sai ta kama bakinta, ta dubi Inna, surukata, kamar wadda ta yi ashar. Kowa ya sunkuyar da kai, har da ni.

Gab da magariba wani babban ma'aikaci, wanda direba ke jira a waje, ya nemi a yi masa iso wurin Inna. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya yi gaisuwa yadda ake yi. Da zai tashi sai ya rage murya, yana ɗan sarƙewa a magana, ya ce, "Inna, ba ki gane ni ba. Ni ne maƙerin nan mai tsoron kaza." Dariya ta kuɓuce wa Inna tana cikin takaba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, dariyar ta koma kuka. Shi kuwa ya waiwaya ya ga ko wani ya ji shi, ya saka takalmansa ya fita da sauri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Jikokinsa za su ji cewa kakansu mai salla ne, malamin gona ne. Idan muka ci gaba da jin kunyar sauran, rabin mutumin za su gada.

An kawo ni gidan nan daga Argungu a shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato. Garin ya cika da ma'aikatan da aka dawo da su, ga ofisoshi a gidajen haya, ga mutane ba wurin kwana. Baba ya buɗe ɗakunan waje ya ba wasu daga cikinsu. Ina amarya, wata rana bayan la'asar ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ji muryarsa ta bayan katanga yana cewa, "Kun iso bakin gulbi. Jirgi guda ɗai ka akwai, mai jirgin kuma ba shi da inuwa. Mi za ku yi?" Na tsaya da rariya a hannu. Sai na ji muryar wani ƙaton mutum ya ce, "Ni dai wallahi ba ni shiga." Aka fashe da dariya.

Na dubi Inna. Ta ce, "Wasan Malam ne. Ki yi kamar ba ki ji ba. Haka nike yi tun ina da jan sawu."

Na kasa yin kamar ban ji ba. A hankali na gane yadda abin yake. Baba yana kiransa Tafiya. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya faɗi ko shi wane ne a cikin labarin, da abu ɗaya da ya iya, da abu ɗaya da yake tsoro. Wani ya ce shi maharbi ne mai tsoron duhu, wani ya ce shi bafatake ne da ya iya yaren aljanu amma yana tsoron matarsa. Baba shi ne mai hanya: shi ke faɗin abin da ke gabansu, ko dodon ruwa ne, ko garin da mutanensa ba su barci, su kuma su faɗi abin da za su yi. Idan mutum ya nufi yin abu mai wuya, sai a watsa 'yan gutsattsarin sakaina a tabarma. In mafi yawa sun faɗi rigingine ya yi nasara, in sun kife ya gamu da abin da ya gamu da shi. Iyakar dokokin ke nan. Babu wanda ke cin wasan, babu wanda ake cinyewa.

Inna ta ce min asalin wasan tun Baba yana saurayi ne. Ruwa ya taɓa datse hanya, ya tsare shi a wani ƙauye kusa da Gulma tare da wani mai saƙar homar kamun kifi ɗan Argungu. Suna zaman jiran ruwa ya janye, suka gaji da hira, suka fara ƙirƙirar tafiyar da ba su iya yi da ƙafa. Daga nan suka zama aminai. Mutumin nan yakan hau mota ya zo Birnin Kebbi ranar kasuwa, ya sayar da homarsa, ya biyo ta gidanmu. Shi kullum abu ɗaya yake zama a wasan: tsohon masunci mai jin maganar kifi, mai tsoron rijiya.

Da na je gida ganin iyaye, mahaifina, wanda malami ne mai almajiran ilimi, ya tambaye ni a gaban 'yan'uwana, "An ce surukinki na tara ƙattai yana yi musu tatsuniya da rana tsaka. Gaskiya ne?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gidan da aka kai ni gidan mutunci ne, amma ga abin da aka san shi da shi har Argungu.

Maganar sakaina ce ta fara kawo cikas. Limamin unguwa ya sami Baba cikin girmamawa, ya ce duk da ba a sa kuɗi, watsa abu a tabarma a jira yadda zai faɗi ya yi kama da caca, mai wucewa kuma zai iya ɗauka duba ake yi. Baba bai yi gardama ba. Ya kwashe sakainar ya zuba a murhu, wasa ya tsaya. Sai dai hankalinsa bai kwanta ba. Yakan zauna a kan buzu a tsakar gida yana yi wa Inna magana da ƙarfi, ita tana tsintar shinkafa ba ta ko ɗaga kai. Yana cewa, "In ni ka yanke wa mutum ya yi nasara ko ya hwaɗi, to na zama sarki, su kuma 'yan kallo. In kowa ya yanke ma kainai, ba wanda za shi hwaɗuwa, labari ya mutu. Ina mahita?"

Ni ina bakin murhu, kuma na kwana biyu da wata dabara a raina. Amma suruka ba ta tsoma baki a maganar surukinta. Sai na matsa kusa da Inna na raɗa mata. Ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta ce, "Malam, ɗiyar nan ta ce mi za shi hana a ba kowa ƙwallon dabino biyar tun farko. Wanda duk ya so yin abu mai wuya, shi biya guda."

Baba ya ce, "Ki tambaye ta, in na mutum sun ƙare hwa?"

Na raɗa wa Inna. Ta ce, "Ta ce sai ɗan'uwa nai ya ba shi nashi, in ya ga dama. In ba wanda ya ba shi, ya halaka."

Ya tafa hannu sau ɗaya. Ya ce, "Wanga ya hi sakaina. Sakaina ba ta san kowa ba. Wanga kuwa sai an san wa ka son wa."

Daga ranar muka zama abokan shawara, ni da shi, ba tare da mun taɓa haɗa ido ba. Muna tsakar gida ɗaya, yana jin numfashina ina jin nasa, amma sai ya ce, "Ki ce ma ɗiyar nan," ni kuma in raɗa. Inna takan ce, "Ni kun maishe ni wayar tarho, ga aiki na jira na." Mun tattauna ko wanda ya ba da ƙwallonsa zai iya neman a mayar masa. Baba ya ce a'a, kyauta ce. Mun tattauna ko mai sihiri a labarin zai biya biyu a maimakon ɗaya. Na ce i, don kada kowa ya zaɓi sihiri. Ya gwada, ya dawo ya ce a faɗa min ya soke, saboda an fara lissafi an bar labari.

Soke doka shi ne abin da ya fi iyawa. A nan ne kullum suke karo da amininsa na Argungu, wanda ke son a yi wa komai ƙa'ida: nauyin kayan da mutum zai ɗauka, tsawon lokacin da zai yi a ƙarƙashin ruwa, ko mashi ya fi takobi. Baba yakan ce masa, "Dokar da ba ka iya tunawa kana bisa keke, ba ni son ta." Amini ya ce, "To shi ya sa maharbinku ya haɗiye kada jiya ba wanda ya ce uffan." Su yi ta yi har a kira magariba, su tashi su tafi masallaci tare.

Doka ɗaya tak na san ya taɓa ƙarawa. Cikin ma'aikatan da ke kwana a ɗakunan waje akwai wani ƙaramin akawu mai i'ina, wanda ba ya magana sai dole. Baba ya ja shi cikin wasa. Akawun ya ce shi maƙeri ne, da aka tambaye shi abin da yake tsoro ya daɗe yana kokawa da kalmar, wani ya yi caraf ya ce, "Kura?" wani ya ce, "Kada?" Baba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Daga yau, wanda duk ya ƙarasa ma wani magana tai, ya biya ƙwallo." Aka yi tsit, aka jira. Can mutumin ya fitar da ita: kaza. Aka yi dariya har da shi. Shi ne wanda ya durƙusa a gaban Inna ranar makoki.

Rigimar da ta karya wa Baba gwiwa daga cikin gida ta fito. Yayan maigidana, babban ɗan Baba, ya sami muƙami a sabuwar ma'aikata, kuma abokan aikinsa sun fara tsokanarsa, suna tambaya ko tsoho ya kashe dodo yau. Wata rana ya dawo da baƙi a mota, ya tarar da mahaifinsa a ƙofar zaure yana kwaikwayon muryar aljana. Da baƙin suka tafi ya shigo tsakar gida, ya durƙusa, amma maganar da ta fito ba ta mai durƙuso ba ce. Ya ce, "Baba, don Allah ka tausaya muna. Mutane na yi muna dariya. Da girmanka."

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "To. Ban san ina ba ka kunya ba." Washegari da kansa ya ja tabarmar ya kai ta bayan gida, ƙarƙashin darbejiya, kusa da turken awaki, inda mai wucewa ba zai gani ba.

Ranar kasuwa ta zagayo, amininsa ya zo, aka nuna masa sabon wurin. Ya dubi awaki, ya dubi Baba, ya yi dariya ya ce, "Ashe ɗanka ya koro ka cikin bisashe." Da wasa ya faɗa, irin wasan da suka saba. Baba bai yi dariya ba. Aka fara Tafiya. Ina jin su ta tagar madafa. Ba a yi nisa ba Baba ya ce, "Masunci, ƙasa ta burma da kai, ka hwaɗa rijiya." Amini ya biya ƙwallo don ya kama bango. Baba ya ce bangon ya zame. Ya sake biya, Baba ya ce igiyar ta tsinke. Haka har biyar ɗin suka ƙare. Akawun nan ya miƙo nasa, Baba ya ture hannunsa ya ce, "Rijiyar ga ta yi zurhi, ba mai iya kai mai."

Ba a taɓa yin haka ba. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa mai hanya ba ya hana kyauta. Amini ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Tun muna samari nike wanga masunci, ka kuma san rijiya nike tsoro. Allah shi ba mu alheri." Ya ɗauki sauran homarsa ya fita. Bai sake zuwa ba.

Baba bai sake jan Tafiya ba daga ranar. Ma'aikatan suka sami gidaje suka watse. Shekaru suka wuce, na haifi 'ya'ya, gashinsa ya gama fari. In an ambaci Argungu sai ya tashi ya ce zai duba awaki. Sau ɗaya na ji ya ce wa Inna, "Na yi zalunci inda ba mai iya kai ni ƙara. Haushin ɗana na sauke ma bawan Allah." Inna ta ce ya je mana, ga mota kullum. Ya ce, "Da wane ido?"

A damanar ƙarshe da ya gani, ƙanwata ta haihu a Argungu, na shirya zuwa suna. Da safe Inna ta ce min, "Malam ya ce ki jira shi, mota guda za ku shiga." Ya zauna gaba, na zauna baya. Muka wuce Ambursa, fadama shar da shinkafa hagu da dama. Da muka sauka a tasha ya tsaya yana juya sandarsa. Ashe ya sami labarin amininsa ya makance, ya koma gidan ɗiyarsa a unguwarmu, amma bai san gidan ba. Ba Inna a tsakaninmu. Ya kalli gefe ya ce, kamar da iska yake magana, "Ko akwai mai nuna min hanya." Na wuce gaba, ya biyo ni.

Mun sami aminin a ƙofar gida a kan tabarma, hannunsa na lalubar zare yana ɗaure wata tsohuwar homa. Baba ya yi sallama. Hannun ya tsaya. Baba ya durƙusa, tsoho a gaban tsoho, ya fara, "Na zo ne in..."

Amini ya ce, "Kai ne? To ka kyauta. Ina nan cikin rijiyar da ka bar ni. Ruwa ya kawo min wuya."

Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙwallayen dabino, ashe da su ya taho. Ya ce, "Mai hanya ba shi da ƙwallon badawa. Sai in na shiga labarin da kaina. Amma wa za shi ja muna?"

Amini ya ce, "Na ji tahiyar mutum biyu. Wa ka tare da kai?"

"Ɗiyar nan ta. Ita ta kawo dokar dabino."

"To ta ja."

A unguwar da aka haife ni ne wannan, a bakin hanya, rana tsaka. Mata masu zuwa gidan suna sun fara rage tafiya suna kallo, cikinsu har da ƙawayen mahaifiyata. Ga surukina a durƙushe, wanda ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba. Na zauna a gefen tabarmar, na ja mayafi har ya rufe min goshi, na dubi ƙasa. Da ƙyar na ce, "Baba, wane ne kai a labarin?"

Ya ce, "Tsohon malamin gona. Abin da na iya, jan guga. Abin da nike tsoro, idon mutane."

Na ce, "Ka iso bakin wata rijiya a daji. Kana jin tari daga ciki."

Ya ce, "Na zura igiya." Ya ajiye ƙwallo ɗaya. Na ce igiyar ba ta kai ba. Ban san inda na sami ƙarfin halin faɗin haka ba, amma na san in abin ya zo da sauƙi ba zai karɓa ba. Ya ce ya kwance rawaninsa ya ƙulla, ya ajiye na biyu. Na ce ta kai, amma masunci ya gaji, hannunsa ba ya iya riƙo. Baba ya tattara ukun da suka rage, ya kamo hannun amininsa, ya buɗe tafin, ya zuba masa, ya rufe da nasa hannun.

Amini ya jujjuya su a hannu yana murmushi. Ya ce, "Na kama. Ja a hankali, na tsuhwa." Sai kuma ya ƙara, "Da ka yarda mun yi dokar zurhin rijiya tun can, da duk haka ba ta hwaru ba."

Baba ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ba ni yarda har gobe."

Na tashi na bar su suna gardama, na tafi gidan suna. Da na dawo ɗaukarsa da la'asar, na tarar sun ci tuwon shinkafa da kifi a kwano ɗaya, amini yana riƙe da gefen rigarsa kada ya tashi.

Watanni kaɗan bayan haka ciwo ya kwantar da Baba, bai kuma tashi ba. Allah Ya gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa ya tarar da masu miƙo masa hannu a ranar da guzurin kowa zai ƙare. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.